Yadda ake mayar da littafin ƙagaggen labarin kimiyya ya zama fim: aikin Blade Runner dalla-dalla

Wanda ya kalli Blade Runner a yau, da wuya ya yarda cewa kwamfuta ba ta zana ko bulo ɗaya a birnin da ke cikinsa ba. Fim ɗin ya fito a Amurka ranar 25 ga Yuni, 1982. Ridley Scott ne darakta, an kuma ciro labarin daga littafin Philip K. Dick na 1968 mai suna Do Androids Dream of Electric Sheep? Birnin kuwa da katako da roba da tagulla da hayaƙi aka gina shi, aikin kwamfuta bai wuce tuƙa kyamara a kan layinta ba. Wannan ne ya sa har gobe fim ɗin makaranta ce ga duk mai littafi a hannu da kuɗi kaɗan a aljihu, wanda yake son nuna duniyar da ba a taɓa gani ba. Yawancin dabarun ana iya maimaita su a ɗaki guda, in dai an san dalilin kowace.

Takarda kafin kyamara

Abu na farko izinin mai littafi, a rubuce, da sa hannu. A Nijeriya da ƙasashe da dama haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Yadda aka saba yi shi ne a biya ɗan kuɗi a kama littafin na shekara ɗaya ko shekara ɗaya da rabi, a cika ragowar kuɗin a ranar da aka fara ɗauka. Masu Blade Runner hatta sunan fim ɗin saye suka yi, domin ba ya cikin littafin Dick ko kaɗan. Sunan wani littafi ne na Alan Nourse na 1974 da ke magana kan fasa-ƙwaurin kayan aikin likita.

In izini ya samu, sai yanka, kuma nan ne yawancin masu farawa suke jin tausayin littafi har su kashe fim. Shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne a allo, fim ɗin nan kuwa minti 117 ne. Dubi abin da ke cikin littafin: birnin San Francisco bayan yaƙin da ya bar ƙura mai guba, dabbobi sun kusa ƙarewa har mallakar dabba mai rai ya zama abin tinƙaho, Rick Deckard, jarumin labarin mai farautar ƙerarrun mutane (mutanen da kamfani ya ƙera), yana ajiye da tunkiyar lantarki a saman bene yana ɓoye wa maƙwabta cewa ta ƙarya ce. Yana da mata mai suna Iran. A gidansu akwai na'urar da mutum zai murɗa ta sa shi farin ciki ko baƙin ciki. Akwai wani addini na wani mai suna Mercer, da akwatin da mabiyansa suke riƙewa su ji zafin juna. Kusan duk waɗannan ba su shiga fim ba.

Ga yadda za ka yi naka yankan. Ka rubuta tambaya ɗaya tak da littafin yake yi a kan ƙaramar takarda, ka manna ta inda kake rubutu. Ta wannan labari ita ce: in an ƙera mutum yana tunani yana jin tsoron mutuwa, me ya raba shi da wanda aka haifa? Daga nan ka bi littafin babi-babi ka kasa abin da ke ciki gida uku: abin da kyamara za ta iya gani, abin da yake faruwa a cikin kan mutum kawai, da abin da shi ma labari ne mai zaman kansa. Kashi na uku ka zubar da shi komai kyansa. Addinin Mercer na wannan kashin ne, da an taɓa shi da ya cinye rabin fim. Kashi na biyu sai ka nema masa jiki. Ƙarewar dabbobi, wadda Dick ya yi ta bayani a kanta, ta koma mujiya guda a ofishin Tyrell, mai kamfanin ƙera mutanen, da tambayar ko ta gaske ce, da macijin wata ƙerarriya mai suna Zhora, da kasuwar da ake duba ɓawon macijin a ga lambar wanda ya ƙera shi. Babu wanda ya tsaya yana lacca, mai kallo ya gane da kansa.

Gyaran da ya fi kowane amfani shi ne na shekara huɗun da ƙerarrun mutanen suke rayuwa. A littafin, gajeren ran ƙerarrun mutanen magana ce da aka ambata aka wuce, matsalar ƙira ce da aka kasa warwarewa. Hampton Fancher da David Peoples, waɗanda suka rubuta fim ɗin, suka mayar da ita abin da kamfani ya dasa da gangan, kuma dalilin da ya dawo da Roy Batty, jagoran ƙerarrun da suka gudo, duniya neman wanda ya ƙera shi. Da wannan kaɗai abokin gaba ya samu buƙatar da kowa zai tausaya masa a kai. Ka duba littafinka da kyau, sau da yawa injin fim yana kwance a layin da marubucin bai damu da shi ba.

Abu ɗaya da ake mantawa: in ka cire mutum, ka bi duk rubutun ka gyara lissafi. An tsara wata ƙerarriyar mace mai suna Mary, aka cire ta saboda kuɗi da lokaci, amma aka bar shugaban 'yan sanda yana cewa ƙerarru shida suka gudo, ɗaya ya mutu. Saura biyar ke nan, mai kallo kuwa huɗu ya gani. Shekara 25 mutane suna gardama kan na biyar ɗin, sai a 2007 aka gyara maganar ta koma biyu suka mutu.

Titi: kada ka gina sabo, ka lafta wa tsoho kaya

Rubutun Fancher na farko kusan duk a cikin ɗakuna yake. Scott ne ya matsa da tambayar abin da ke wajen taga, amsar ta zama Los Angeles ta watan Nuwamba 2019. Ba su da kuɗin gina birni, don haka suka ɗauki tsohon titin New York da ke filin ɗaukar fim na Warner a Burbank suka yi masa ado. Syd Mead, wanda asalinsa mai zanen motoci ne, da Lawrence G. Paull mai tsara wuraren ɗauka, suka tafi a kan tunani guda: a birnin da masu hali suka gudu suka bari, ba a rushe gini a sake, in abu ya lalace sai a ɗaura masa sabo ta waje. Shi ya sa bangon ya cika da bututu da wayoyi da akwatunan na'ura da allunan talla masu haske. Sauran wuraren ma na gaske ne: ginin Bradbury na 1893, tashar jirgin ƙasa ta Union da ta zama ofishin 'yan sanda, da gidan Ennis da Frank Lloyd Wright ya zana, wanda aka kwaikwayi bulonsa a ɗakin Deckard.

In za ka yi haka, ka zaɓi lungu gajere, mita 20 zuwa 30 ya isa, wanda ƙarshensa ya karya kwana don kada kyamara ta hango inda adonka ya ƙare. Ka zuba ƙarfinka daga ƙasa zuwa tsayin mita 3, abin da ke sama duhu zai rufe. Ka jera kaya hawa uku: wani abu dab da kyamara, 'yan wasa a tsakiya, jama'a da fitilu a baya. Komai sabo ka tsufar da shi da ruwan fenti baƙi da ƙasa-ƙasa, domin abu mai ƙyalli ɗaya yana tona asirin duka.

An fara ɗauka a watan Maris 1981, aka yi kusan wata huɗu, na titi duk da dare. Dare da ruwa da hayaƙi sun zama alamar fim ɗin, amma da farko aiki suke yi. Dare yana ɓoye tsaunukan Burbank da ƙarshen titi. Hayaƙi yana raba na kusa da na nesa, yana kuma ba haske jiki. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ninka kowace fitila biyu. Sharaɗin dukansu ɗaya ne, haske ya zo daga baya ko daga gefe. Jordan Cronenweth, mai kyamarar fim ɗin, da hasken baya ya gina kusan kowace fitowa, har da manyan fitilun nan masu yawo da ke ratsa tagogi. In ka haska ruwan sama daga inda kyamara take, ba za a gan shi ba sam. In ka haska hayaƙi daga gaba, hoton zai yi fari fat ya mutu. Ruwan kuma ka harba shi sama ya faɗo da kansa, da manyan ɗigo, domin feshi mai laushi hazo yake zama a hoto.

Ruwa da wutar lantarki ba sa haɗuwa. Duk mahaɗar waya a ɗage ta daga ƙasa a naɗe ta da leda, fitilun da ke cikin ruwan su zama masu batir, janareta ya yi nesa saboda ƙara da hayaƙinsa, kuma a ajiye mutum ɗaya wanda aikinsa kawai tsayawa kusa da makashin wuta.

Birni a kan tebur

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma ya kamata ka fi ɓata lokaci. Hoton da ya buɗe fim ɗin, filin masana'antu da ya miƙe har ƙarshen gani yana aman wuta, a kan tebur aka yi shi, faɗinsa bai kai mita 6 ba, zurfinsa kamar mita 4. Douglas Trumbull da Richard Yuricich da David Dryer ne suka jagoranci aikin, Mark Stetson kuma shi ne shugaban masu ƙera ƙananan gine-ginen. Layin gaba kaɗai ne gine-gine masu jiki. Na baya duk faranti ne siraran na tagulla da aka zana musu siffar hasumiya da bututu aka ci da asid, aka jera su layi-layi, kowane layi ya fi na gabansa ƙanƙanta. Ta ƙarƙashin tebur aka zuro zaren haske, wato siririn zare mai ɗaukar haske daga gindinsa zuwa bakinsa, mai tsawon kusan mil 7 ya zama dubban fitilu.

Ka fara da ajiye kyamara, ba da gini ba. Irin wannan tebur daga wuri ɗaya kaɗai yake yin gaskiya, in ka matsa gefe da yawa ƙaryar ta fito. Ka kafa kyamarar, ka zaɓi lens, wato gilashin idon kyamara, mai faɗi, ka manna alama a ƙasa, kowane gini ka sa shi kana leƙawa ta cikinta. Abin da ba ta gani kada ka gina shi, bayan gini ma a bar shi buɗe don sa waya.

Sai ma'auni. A layin gaba ka ɗauki 1 bisa 100: bene mai hawa 10, wanda tsayinsa ya kai mita 30, zai zama santimita 30, tagarsa santimita ɗaya da rabi. Layin tsakiya 1 bisa 200. Na can baya 1 bisa 500, kuma waɗannan yankakken baƙin kwali ya wadatar, ba sai tagulla ba, ka huda masa ramuka da allura. Tebur mai mita 2 da rabi a faɗi da mita 2 a zurfi zai ɗauki layi shida ko bakwai. Tazarar da ke tsakanin layuka ta riƙa raguwa yayin da kake yin baya.

Jikin gini da kwali mai kauri ko filawud siriri ake yi. Abin da ke sa ido ya yarda da girma shi ne yawan ƙananan tarkace a jiki, don haka ka tara matattun rediyo, allon cikin kwamfuta, murafun biro, tsinken tsintsiya, ƙyauren kaset, ka manna. Masu Blade Runner ma haka suka yi da duk abin da hannunsu ya kai, har wani samfurin jirgin Millennium Falcon na Star Wars suka tsayar a tsaye ya zama bene. In ka gama mannawa ka shafe komai da fenti toka-toka marar ƙyalli, ka bi da ruwan baƙin fenti ya shige lunguna, sannan ka goga fenti mai ɗan haske da busasshen buroshi a kan gefuna. Hattara da farin soson nan da ake naɗe talabijin da shi: fentin feshi yana narkar da shi nan take, sai ka fara shafe shi da farin gam na kafinta ya bushe.

Wajen fitilu kurakurai uku ne suke maimaituwa. Na farko, haske yana ratsa bango, ginin ya koma fitilar kwai. Maganinsa a shafe cikin gini da baƙin fenti sau biyu ko a liƙa masa takardar alminiyom, a toshe duk mahaɗa. Na biyu, kunna duk tagogi da launi ɗaya. Birnin gaske ba haka yake ba: ka bar kamar kashi biyu cikin uku a kashe, sauran ka manna musu takarda mai shara-shara ta ciki, wasu ruwan ɗorawa, wasu fari mai shuɗi-shuɗi, wasu ka ninka takardar su dushe. Na uku, ƙona ƙwan LED. Farin LED yana son kamar bolt 3, in za ka ba shi bolt 5 daga cajar waya sai ka sa wa kowanne resisto mai om 220. Zai yi haske daidai, ba zai yi zafi ba. In ka samu zaren haske na roba, mai kaurin rabin milimita zuwa ɗaya, ka ɗaure gindinsu wuri guda a gaban LED ɗaya, kowane bakin zare ya zama fitilar titi. Kada ka manna shi da sufa gulu, yana sa shi ya yi gautsi ya karye. Farin gam ya fi.

Yanzu hayaƙi, wanda in babu shi duk wahalar nan kayan wasan yara za ta zama. Ka tuna yadda gari yake a hazon hunturu: ginin kusa baƙi ƙirin da kaifin gefe, na gaba da shi ya ɗan dushe, na nesa ya kusa narkewa cikin sama. Da wannan ido yake auna nisa. A kan tebur mai mita 2 babu isasshiyar iskar da za ta yi haka, dole ka cika ɗakin da hayaƙi mai kauri har mita ɗaya ta yi aikin kilomita. Su Trumbull a rufaffen ɗaki suka yi, da na'urar da ke auna kaurin hayaƙin tana ƙara shi in ya ragu, saboda ɗaukarsu a hankali take, firam bayan firam, wato hoto ɗaya bayan ɗaya, kuma in kaurin ya canja tsakanin firam biyu hoton zai riƙa ƙyaftawa. Kai da ba ka da wannan na'ura, hanya biyu gare ka. Ko dai ka rufe ɗaki, ka saki hayaƙin inji, ka kaɗa shi da fanka, ka kashe fankar, ka jira sai ya kwanta ya zama bai ɗaya, sannan ka ɗauka a bidiyo cikin minti ɗaya ko biyu kafin ya ragu. Ko kuma ka bar hayaƙin gaba ɗaya ka miƙa yadin gidan sauro fari, a ɗame babu tattara, tsakanin layi da layi, ka ɗan haska kowanne daga gefe. Layin baya ta cikin yadi uku ko huɗu za a gan shi, ya dushe daidai yadda ake so, kuma ba ya canjawa ko kwana za ka yi kana ɗauka. Turaren wuta da garwashi ba sa yi, domin hayaƙinsu yana murɗawa, murɗawa ɗaya kuwa ta isa ta nuna girman teburin na gaskiya. Kowane irin hayaƙi ka yi amfani da shi, a riƙa buɗe ɗaki ana shan iska, mai asma kuma kada ya shiga.

Abin da ya fi tona asirin ƙaramin gini shi ne wani sashe ya fito tar wani ya yi dishi-dishi. Hoton birnin gaske daga nesa ko'ina a fili yake. Don haka ka tsuke ƙofar hasken lens zuwa f/11 ko f/16, ka sa saitin gani a kamar sulusin zurfin tebur. In ka wuce f/22 hoton duka zai fara laushi. Tsukewar tana cin haske, shi ya sa ake ɗauka da hoto ɗaiɗai, kowanne a bar shi buɗe daƙiƙa ɗaya ko fiye. Wayar hannu tana da ranarta a nan, saboda ƙanƙantar idonta tana sa kusa da nesa su fito tare, sai dai ka kulle hasken da launin da hannu, in ba haka ba za ta riƙa gyara su da kanta.

Motsin kyamara ma da ma'auni ake yinsa. Ɗauka mai daƙiƙa 5, a firam 25 kowace daƙiƙa, hoto 125 ke nan. In kana tura kyamarar milimita 2 a kowane hoto, za ta yi tafiyar santimita 25, wanda a ma'aunin 1 bisa 100 daidai yake da shawagi a mita 5 cikin daƙiƙa, tafiya mai nauyi irin ta babban jirgi. Ka manna tef ɗin awo a jikin layin da kyamarar ke bi, ka fara da rabin milimita ka ƙara a hankali, haka ma wajen tsayawa.

Amfanin tafiyar da za a iya maimaitawa shi ne ɗauka hawa-hawa. Hasken da ya dace da bango ya yi wa tagogi kaɗan, wanda ya dace da tagogi ya ƙone allon talla. Masu fim ɗin sai suka riƙa maimaita tafiya ɗaya sau da yawa: sau ɗaya don jikin gini cikin hayaƙi, sau ɗaya don tagogi kaɗai, sau ɗaya don hoton tallar da ake haskawa a jikin bene, haka har a gama. A fim mai faɗin milimita 65 suka yi wannan, alhali 'yan wasa a 35 aka ɗauke su, don kada hoton ya lalace wajen haɗawa. Kai a manhajar tace fim za ka ɗora su a kan juna da saitin da ke tara haske, ka rage wannan ka ƙara wancan. Sharaɗin dai kada tebur ko ƙafar kyamara su motsa ko da kaurin gashi, ka danne su da buhun yashi.

Wuta da ruwa ba sa ƙanƙancewa. Harshen ashana ko a ina ka sa shi ashana ne. Wutar da ke tashi a hoton farko manyan wutate ne na gaske da aka ɗauka daban da dare, aka haska su a kan ƙananan fararen katuna da aka kafa a bakin hasumiyoyin. In kuwa dole wani abu ya faɗi ko ya fashe a cikin ƙaramin gini, sai ka ƙara gudun kyamara: ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin, ka ninka gudun da ita. Ma'aunin 1 bisa 16 yana son ninki 4, wato firam 100 a daƙiƙa. Na 1 bisa 25 yana son 125. Na 1 bisa 100 yana son 250, shi ya sa duk abin da zai fashe ake gina shi da girma. In kana amfani da fitilar da ke kan wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa, ka tsaya a firam 25 da shata 1/50, wato kowane hoto ya buɗe na 1 bisa 50 na daƙiƙa, a babban gudu kuwa ka koma fitilar batir don kauce wa rawar haske.

Ƙyallin ido

Jan ƙyallin da ke bayyana a idon Rachael, ɗaya daga cikin ƙerarrun, da na mujiya ba a wajen tacewa aka sa shi ba. Cronenweth ya kafa gilashi mai rabin madubi a gaban lens a karkace, digiri 45, ya haska ƙaramar fitila daga gefe. Gilashin ya juya hasken ya tafi daidai kan layin da lens yake kallo, ya shiga ido ya dawo, kamar yadda ido yake ja a hoton filasha. Gilashin firam na hoto ma zai yi in fitilar ta ɗan fi ƙarfi. Ka rataya baƙin ƙyalle a ɗaya gefen ya shanye hasken da ya ratsa, ka rage hasken ɗakin don ƙwayar ido ta buɗe, fitilar kuma ta yi rauni yadda ba za ta haska fuska ba.

Sauti kada a bar shi sai ƙarshe. Kiɗan Vangelis, wanda ya yi yawancinsa da Yamaha CS-80, da ƙarar ruwa da sanarwar talla daga sama da hayaniyar harsuna, su suke ba teburin nan nauyin birni. Ka ba ɗan wasa dama kuma in ya fahimci mutumin da yake fitowa a matsayinsa: Rutger Hauer da kansa ya rage jawabin mutuwar Batty ya ƙara masa layin da aka fi tunawa.

Inda fim ɗin ya yi tuntuɓe

Kuɗi ne farko. Kamfanin Filmways ya janye ana dab da fara ɗauka, furodusa Michael Deeley ya haɗo dala miliyan 21.5 cikin kwana goma daga Ladd Company da Run Run Shaw na Hong Kong da Tandem Productions. Tandem ne suka tsaya a matsayin masu lamunin kammalawa, yarjejeniyar kuwa ta ba su iko da fim ɗin in an wuce kasafi. Aka wuce. Duk wanda zai sa hannu a irin wannan takarda ya karanta sashen da ya faɗi wanda ke da maganar ƙarshe a kan tacewa, ya kuma ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kasafinsa don abin da ba a zata ba.

A watan Maris 1982 aka yi nunin gwaji a Denver da Dallas, mutane suka ce ba su gane ba. Sai aka shimfiɗa muryar Harrison Ford, wanda ya fito a matsayin Deckard, tana bayanin abin da ido ya riga ya gani, aka liƙa ƙarshe mai daɗi da ragowar hotunan tsaunuka da Stanley Kubrick ya ɗauka don The Shining. A ganinmu wannan gyara ya cuci fim ɗin: an shafe awa biyu ana nuna duniyar da ta lalace, sai ga daji kore shar a minti na ƙarshe. Nunin gwaji yana da amfani, amma ka tambayi masu kallo a wane minti suka ɓata, ka gyara wannan wurin, sau da yawa layi ɗaya ko hoto ɗaya ne ya yi ƙaranci. Dick bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya rasu ranar 2 ga Maris, 1982, bayan an nuna masa wani yanki na hotunan birnin, wanda ya burge shi ƙwarai.

Fim ɗin ya fito mako biyu bayan fim ɗin E.T., kasuwa ba ta karɓe shi ba. Kaset ɗin bidiyo ne ya raya shi, saboda fim ne da ake so a tsayar a sake kallo. A 1990 aka nuna kwafin gwajin nan a wata silima a Los Angeles, jama'a suka yi ta ɗoki, abin da ya kai ga fitowar 1992 wadda aka cire muryar da ƙarshen mai daɗi, aka sa mafarkin doki mai ƙaho da Deckard ya yi. A 1993 aka shigar da shi rajistar finafinan da Amurka ke adanawa. Birninsa mai ruwa da allunan haske ya yi tasiri a kan finafinai da wasannin kwamfuta da zanen Japan irin Ghost in the Shell na 1995, kuma bayansa ne Hollywood ta rungumi labaran Dick, aka yi Total Recall a 1990 da Minority Report a 2002.

Fitowar 2007 ita ce kaɗai Scott ya samu cikakken iko a kanta. An goge wayoyin da ke ɗaga motar 'yan sanda, an sake ɗaukar fuskar Joanna Cassidy, wadda ta fito a matsayin Zhora, aka ɗora a kan ta mai tsalle a madadinta, an mayar da saman da kurciyar Batty ta tashi cikinsa lokacin mutuwarsa ya zama dare. Hakan ya yiwu ne saboda an adana ainihin fim ɗin da aka ɗauka, har da na milimita 65. Kai ma ka ajiye kowane hawa na ɗaukarka daban, ba haɗaɗɗen kaɗai ba, a faifai biyu a wuri biyu, da takardar da ta faɗi lens da ƙofar haske da tazarar kowane firam. Gine-ginen ma kada ka zubar, in ka juya su ka sake musu fenti za su yi maka wata unguwar. Ko a 2017, da Denis Villeneuve ya yi ci gaban labarin, Blade Runner 2049, ga kwamfuta ta kai inda ta kai, sai da aka sa kamfanin Weta Workshop na New Zealand ya ƙera ƙananan gine-gine da hannu aka ɗauke su da kyamara.